Darasi na Bakwai: Kwana a Gandun Dajin Gashaka Gumti da Damina

Gashaka Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru. An mayar da shi gandun ƙasa a shekarar 1991, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419. Duk mai niyyar shiga sai ya fara biyawa ta ofishin gandun a garin Serti, ya karɓi izini, a haɗa shi da ma'aikacin da zai yi masa jagora.

Wanda ya saba da daminar Kano ko Katsina zai sha mamaki a kudancin wannan daji, inda ruwa yakan fara tun Afrilu, ya kai har Oktoba ko Nuwamba. Saboda haka babban abin lura shi ne wurin kafa tanti. Baƙo yakan ga farin yashi a bakin rafi, shimfiɗaɗɗe, ya ce ya samu makwanci, alhali nan ne wuri mafi haɗari, domin ana iya tafka ruwa a kan duwatsu da dare, rafin ya cika ya tumbatsa ba tare da ko ɗigo ya sauka a inda mutum yake kwance ba. A nemi tudu, nesa da busasshiyar bishiya, a haƙa 'yar lambatu a kewayen tantin, sannan a ɗaura tamfol a samansa da ɗan karkata don ruwa ya zurare. Ashana, tocila da tufafin canji kuwa a ƙulle su cikin leda tun daga gida, kuma kada a manta da gidan sauro.

Abinci yana buƙatar tsaro na musamman. Gwaggon biri ba shi da kunya, yana iya fizge ƙullin gari a gaban mai shi, ragowar tuwon da aka zubar kusa da tanti kuma ita ce ke gayyato kwarkwasa cikin dare.

Kallon namun daji ya fi kyau da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ciyawa takan yi tsawo har ta ɓoye ɓauna, amma damina tana da nata amfanin, domin laka tana riƙe sawu, kuma jagora zai nuna maka wanda gefensa bai bushe ba, alamar dabbar ba ta yi nisa ba. A yi tafiya shiru, iska tana bugun fuska, don kada dabba ta ji warin mutum. Birin nan mai kama da mutum, wato chimpanzee, wanda ya sa dajin ya yi suna, an fi jin ihunsa a kurmi fiye da ganinsa. Idan kuma aka isa gurbin dorina, a tsaya daga nesa, kada a taɓa shiga tsakaninta da ruwa.