Kafin ka sayi gida a wajen garin Kaduna

In za ka sayi gida ko fili a wurare irin su Kujama ko Rigachikun, kar ka je dubawa da rani kawai malam. Bari sai Agusta da ruwa ke zuba sosai, a nan za ka ga inda ruwa ke kwanciya da hanyar da mota ba ta shiga, dillali kuwa ba zai taɓa faɗa maka ba. Ka zauna da mai unguwa ka ji su wa ke zaune a wurin, Gbagyi ne ko Fulani ko Hausawa, batun tsaro ma ka tambaya kai tsaye. Hatsi da araha kam, amma lissafa kuɗin mota kullum da haƙa rijiyar burtsatse da sola. Takardu kuma kai su KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna, a tantance kafin ka biya ko sisi.