Idan aka tilasta wa ɗanka ibadar da ba tasa ba a makaranta, ga yadda za ka bi

A garin nan na Kaduna kowa bare ne a wata unguwar, Musulmin da ke zaune Sabon Tasha da Kiristan da ke Tudun Wada duk sun san me nake nufi. To idan yaronka ya dawo ya ce an sa shi dole ya bi addu'ar wani addini a asambuli, ko an tare 'yarka a bakin get an ce sai ta cire hijabi, don Allah kar ka fara da tara 'yan unguwa, mun ga rikicin addinin da ya faru a 2000 kuma wallahi har yau wasu ba su koma gidajensu ba.

Zaunar da yaron tukuna ka tambaye shi cikin lallashi, wane malami ne, wace rana, waye ya gani, ka rubuta. Sai ka kai wa hedimasta ko firinsifal koke a rubuce kwafi biyu, su sa hannu da kwanan wata a naka ka taho da shi gida, maganar baki ba ta zuwa ko'ina. A ciki ka ambaci sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, ƙaramin sashe na 2, shi ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Batun hijabi kuwa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2022 cewa ɗalibai mata na da 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin Legas. Makarantar kuɗi ta mishan ko ta Islamiyya ita kam gara ka karanta dokokinta tun kafin ka biya kuɗin fom.

In sun yi biris da kokenka sai SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, idan firamare ce, sakandare kuma ma'aikatar ilimi. Daga nan akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa a nan Kaduna, ba a biyan ko sisi wajen kai koke. Ƙarshenta Babbar Kotu, sashe na 46 ya ba ka damar shigar da ƙara kai tsaye.

Ni dai shawarata ranar zuwa makarantar ka ɗauki maƙwabcinka da ba addininku ɗaya ba ya raka ka, ku zauna tare gaban hedimastan.