Yadda nake bin lissafin ruwa da wuta a gidanmu na ƙasa a Tawa

Da tubalin ƙasa muka gina gidanmu, irin wanda ake matsewa da inji, bango mai kauri, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa. Masallaci da ɗakin karatun da Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka tsara a Dandaji su suka sa mini sha'awar wannan gini. Muka ɗora faifan sola huɗu a rufi, muka ware ɗakuna uku na haya. Kuɗin wuta ya ɗan sauko, amma na ruwa kullum hawa yake, kuma ban gane dalili ba sai da na fara karanta kwantar, wato abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa mita, da idona.

Ka tanadi littafi, biro da tocila. Ka zaɓi rana ɗaya a mako da lokaci ɗaya, kada ka riƙa canzawa. Ni Juma'a nake yi, bayan sallar asuba. Ka rubuta kwanan wata da lambar da ka gani, ka cire ta makon jiya daga ta yau. Abin da ya rage shi gidan ya sha.

Fara da ruwa, don a nan ɓarna ta fi ɓoyewa. Baƙaƙen lambobi mita kubik suke ƙirgawa, jajayen kuma abin da bai kai mita kubik ɗaya ba. Mita kubik ɗaya lita 1000 ne, wato jarka 40 mai cin lita 25. In ka mayar da lambar zuwa jarka, kowa a gida zai gane, har yara.

Ga gwajin da ya fi kowane amfani a wurina. Bayan isha'i a ɗebi ruwan da za a buƙata a buta da bokiti, a rufe kowane famfo. In akwai tanki a sama, a rufe bututun da ke cika shi, in ba haka ba zai yi ta sha cikin dare ya ɓata maka lissafi. Rubuta lambobin duka, har jajayen. Da asuba, kafin kowa ya taɓa famfo don alwala, ka sake dubawa. Daren da na fara yi, lita 120 na tarar sun tafi alhali kowa yana barci. Na haska tocila a fuskar kwantar, sai ga ƴar ƙaramar tauraruwar nan ta tsakiya tana juyawa a hankali, ba ta tsayawa. Muka bi layin bututu da mai gyaran famfo har gindin dogon yaron tsakar gida, inda ƙasa ke da laima a tsakiyar rani. Mahaɗin bututu ne ya tsage. In ka lissafa dare da rana, ya kai wajen mita kubik 10 a wata. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a garin nan akwai matan da ke bin layi da jarka tun duhun safiya.

Wuta kuma da kilowat-awa ake auna ta: na'ura mai wat 1000 in ta yi awa ɗaya tana aiki, ta ci kilowat-awa ɗaya a kwantar. Kowace na'ura tana da ƴar takarda a bayanta ko ƙarƙashinta da ke nuna wat ɗinta. Fankarmu wat 70 ce, in ta kwana tana juyi awa 10 ba ta cika kilowat-awa ɗaya ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1000 kuwa, awa ɗaya tata ta kai awa 14 na fankar. A nan bangon ƙasa yake biyan mai shi, don a watan Afrilu ma ɗakinmu yakan riƙe sanyin dare har hantsi ya ɗaga. Wata rana ka kashe komai, ka duba ko ƴar fitilar kwantar ta daina ƙiftawa, sannan ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya kana kallon saurin ƙiftawar.

In kana da ƴan haya, ka sa wa kowane ɗaki ƙaramar kwantar tasa. Ƙwararren mai aikin lantarki zai ɗaura su a bayan babbar, kuma kada kowa ya taɓa hatimin kamfanin wutar lantarki NIGELEC. Da can raba kuɗin muke yi daidai, har wata ƴar hayarmu mai sayar da ƙanƙara ta same ni ta ce, “Maigida, maƙwabta suna cewa firizata ce ke cinye wutar. A auna, in ni ce zan biya.” Na ce, “Hajiya, gaskiyarki, za a auna.” Nata ya fi na kowa, ta biya ba gardama, gunaguni ya ƙare. In ka haɗa na ƙananan ka cire daga na babbar, ragowar ita ce ta fitilun tsakar gida da injin tura ruwa sama, ita kaɗai ake rabawa.

Sola ma tana da lissafinta. In na'urar cajin batirinka tana da allo mai nuna abin da faifan suka tara a yini, ka riƙa rubuta shi da magariba. Ranar da ke haska tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ita ce a rufinka, sai dai ƙurar hunturu tana rage abin da ke shiga. Da ka ga lambar ta faɗi kwana biyu a jere alhali sama garau take, ka hau da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da rabin bokitin ruwa da tsumma mai laushi.

Kada ka gwada watan Afrilu da Disamba, zafinsu ba ɗaya ba ne. Ka riƙe littafin shekara ta zagayo, ka gwada Afrilun bana da na bara. Namu yana rataye a ƙusa bayan ƙofar zaure, cikin leda saboda ƙura, kuma yanzu ƴata ta fari ke rubuta lambobin ni ina riƙe mata tocila.