Darasi na Bakwai: Gwada Fawa Saflai a Kwamfuta Kafin a Kunna Ƙarfen Dalma

Duk mai gyaran rediyo, talabijin ko kayan sola a Sakkwato ya san warin kondensa da ta fashe. Galibi ba kayan ne jabu ba, lissafi ne bai fita ba. A wannan darasi za mu haɗa fawa saflai, wato ɓangaren da ke mayar da wutar soket irin wadda na'ura ke aiki da ita, a allon kwamfuta, mu ba ta wuta, mu ga inda za ta gaza, ba tare da mun ƙona kayan ko naira ɗaya ba.

Manhajar da za mu yi aiki da ita sunanta LTspice. Injiniya Mike Engelhardt ne ya rubuta ta a kamfanin Linear Technology, wanda Analog Devices ya saye a 2017. Tushenta wata tsohuwar manhaja ce, SPICE, da aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Amurka, a 1973. Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar babbar kwamfuta.

Sa manhajar

Ku shiga shafin analog.com, ku rubuta LTspice a gurbin bincike, ku sauke wadda ta dace da kwamfutarku, Windows ko Mac. Kada ku karɓa daga wani shafi da ke cewa a biya kuɗi. Mutum ɗaya ya sauke ya isa, sauran 'yan aji su kwafa ta filash, a rage ɓarnar data. Ku danna fayil ɗin sau biyu, ku amince da sharuɗɗa, ku bi matakan har ƙarshe. Daga nan ba ta neman intanet, ko a shago ko a ƙauye.

Zana da'irar

Ku buɗe File, ku zaɓi New Schematic. Fili zai fito babu komai a ciki. Harafin D yana kawo dayod, C kondensa, R rasista, G kuma alamar ƙasa. Ctrl da R tare suna juya abu. Tushen wuta yana cikin jerin kaya da sunan voltage.

Abin da za mu gina kun saba gani a cikin tsohuwar adafta: tiransifoma mai ba da bolt 12, dayod huɗu da aka haɗa gada, kondensa ɗaya, sai kayan da ke jan wuta. Ba sai mun zana tiransifoma ba, tushen wuta zai tsaya a madadin ɓangarenta na fita. Ku jera dayod huɗun yadda kuke yi a allon haɗi, ku sa kondensa da rasista (ita ce madadin kayan da ke jan wuta) a bakin fita, ku haɗa su da waya. Alamar ƙasa tana zama a ƙafar nagetif ta kondensa. In kun manta da ita, manhajar za ta ƙi aiki.

Yanzu lambobi. Ku danna tushen wuta da maɓallin dama na linzami, ku shiga Advanced, ku zaɓi SINE. A gurbin DC offset ku sa 0, a Amplitude 17, a Freq 50, domin wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Wani zai ce, Malam, ai 12 muka ce, ina 17 ta fito? Abin da mita ke nunawa a wutar AC ba ƙololuwarta ba ce. Ana samun ƙololuwar ne in an ninka da 1.414, kuma ita manhajar take tambaya. Sha biyu sau 1.414 ya ba da kusan 17.

Kondensa ku rubuta mata 2200u, rasista 24. A nan sai an kula, don haruffan suna da tarko. Harafin u shi ne maikuro, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Harafin M, babba ko ƙarami, kashi ɗaya cikin dubu yake nufi, saboda haka mai son om miliyan ɗaya sai ya rubuta 1Meg. Wanda ya rubuta 1M ya sa abin da bai fi guntun waya ba.

Kunna ta

Ku danna Run, ku zaɓi Transient, ku sa 200m, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, a gurbin Stop time. Wani fili zai buɗe. Ku kai linzami kan wayar da ke saman kondensa, zai rikiɗe ya zama tsinken mita, sai ku danna. Layin da ya fito ba miƙaƙƙe ba ne. Yana hawa sama da bolt 15 kaɗan, ya gangaro wajen 13, ya sake hawa, haka sau 100 a daƙiƙa, domin gadar dayod tana cika kondensa sau biyu a kowane juyin wuta. Kondensa tamkar randa ce da ake ɗiba ba tsayawa, ana kuma cika ta lokaci-lokaci. In randar ƙarama ce, ruwa zai yi ƙasa sosai kafin a sake zubawa. Wannan hawa da sauka shi ne gurnanin da kuke ji a lasifikar amfilifaya. Mitarku ta hannu ba za ta nuna shi ba, matsakaici kawai take bayarwa.

Ku mayar da kondensa 1000u ku sake kunnawa, gangarar za ta zarce bolt 4. Ku sa 4700u, za ta dawo bolt 1 da ɗan ɗoriya. Ku rubuta duka ukun a littafinku.

Ga amfanin wannan a shago. Da yawa suna ɗora 7812, wato regileta mai tsayar da wuta a bolt 12, a bayan tiransifoma mai bolt 12 suna sa ran samun 12 tsayayya. Ita 7812 tana son a ba ta kusan bolt 14 kafin ta riƙe 12. Ƙasan layinmu kuwa 13 ne. Ke nan sau 100 a daƙiƙa wutar tana kuɓuce mata, mai kaya kuma ya dawo yana cewa ba a yi masa gyara ba.

Gwaji da irin wutarmu

Wannan ɓangare ya fi duk na baya muhimmanci a wurina. A takarda bolt 230 ne ke zuwa gida. Amma wanda ke ƙarshen dogon layi, ko mai aiki da ƙaramin janareta, ya san wuta tana yin ƙasa da yamma, tana kuma iya haurawa cikin dare. Manhajar ba ta san da haka ba sai kun faɗa mata. In wuta ta sauka zuwa 180, tiransifomar za ta ba da 9.4 maimakon 12, ƙololuwa 13.3. Ku sa 13.3 a Amplitude ku ga inda ƙasan layi ya faɗa. In ta haura zuwa 250, ƙololuwa 18.4 ce, kuma abin da zai isa kondensa ya kai wajen 17. Wadda aka rubuta wa 16V ta shiga hatsari ke nan. Ta 25V za ku saya.

Sai zafi. Manhajar tana ɗauka cewa ana aiki a digiri 27. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a shago mai rufin kwano. Ku riƙe Alt ku danna kan dayod ko rasista, linzami zai zama ma'aunin zafi, ya nuna wat nawa abin ke ƙonawa. Rasistarmu ta om 24 tana cin wajen wat 8, don haka irin ƙananan nan na kwata wat hayaƙi za su yi nan take. Tsufan kondensa kuwa ba ya fitowa a allo. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwananta. Ku duba jikinta a kasuwa, ku ɗauki mai 105°C ku bar mai 85°C, ko da ta fi tsada.

Gargaɗi ɗaya kafin ku koma kan teburin aiki: a allo ba abin da zai ja ku, amma babbar kondensar da ke cikin talabijin ko cajar zamani tana riƙe sama da bolt 300 bayan an zare soket. Ku sauke cajinta da rasista, ku tabbatar da mita, sannan ku sa hannu.

Aikin gida

Ku sake zana da'irar da tiransifoma mai bolt 15 da kondensa 4700u. Ku lissafa ƙololuwa a wuta 180, 230 da 250, ku gwada kowanne. Ku zo da amsar tambaya biyu: shin ƙasan layi ya kai bolt 14 a duka ukun, kuma kondensa mai bolt nawa za ku saya?