Yadda za ka rage ruwa da taki a gona ba tare da amfani ya ragu ba

Manoman mu na Igabi, Soba da Giwa har zuwa masu noman rani a bakin kogin Galma, wallahi kuɗin fetur ɗin injin ban ruwa da kuɗin taki sun isa su sa mutum ya canza salo, tunda yawancin ruwan da muke kwararawa shuka bata sha, wucewa yake ƙasa ya tafi da takin da ka siya da tsada.

Fara da juya shuka. In ka yi masara bana to baɗi saka waken suya ko gyaɗa a wurin, in ka tuge waken suya za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, su ne ke tara ma ƙasa abinci, kuma yana rage wuta-wuta da ke cin masara. Shi waken suya takin sufa (SSP, mai sinadarin fosfaras) yake so, ba sai ka zuba masa yuriya ba. Da rani kuma kar ka bi tumatur da tattasai ko attarugu, dangi ɗaya ne cutarsu ɗaya, gara albasa ko masarar rani.

Ban ruwa kuwa da sassafe ko yamma lis, ba da rana tsaka ba. Kafin ka tada inji tona ƙasa kamar tsawon yatsa ka damƙi ƙasar, in ta dunƙule a hannunka tana da sanyi to haƙura zuwa gobe, in ta wargaje lokaci yayi. In a kunya ka shuka sakar ma kwari ɗaya ruwa ka tsallake na gaba, zagaye na gaba sai ka ba wanda ka tsallake, sannan ka shimfiɗa ciyawa ko buntun shinkafa a gindin shuka don danshi ya daɗe. Amma dai kar masara ta ji ƙishi lokacin da take goyo, nan kam ba a rowar ruwa.

Taki kuma don Allah a daina watsawa a sama. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, in ka barta a fili rana ta bugeta wani kason iska yake bi. Yi ɗan rami kamar yatsu huɗu daga gindin masara ka zuba ka rufe, ƙasa da danshi, kamfa, wato takin NPK, cikin sati 2 na farko bayan shuka, yuriya wajen sati 5. Takin gida da ya ruɓe a zuba tun kafin huɗa, shi ke sa ƙasa ta riƙe ruwa.