Yadda za ki kai kukanki ƙungiya har a biya miki buƙata: shawara ga sababbin nas-nas na gwamnati

Na riƙe sakatariyar reshen ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozoma ta Najeriya, wato NANNM, a wani babban asibitin jiha, kuma abin da ya fi cinye mana lokaci ba taurin kan hukuma ba ne, koken da ake kawo mana da fatar baki ne. Yarinya za ta tare ni a baranda ta ce, "Anti, wata uku ke nan ba a saka mini alawus ɗin aikin dare ba." In ce ina takardar albashinki? Babu. Kin rubuta wa in-caji, wato shugabar ɗakinku? "Na dai faɗa mata." To ni da me zan shiga ofishin akanta? Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta wa ƙannena yadda ake bin hakki a aikin gwamnati. Da mata nake magana don mu ne muka fi yawa, amma ƙannena maza, ku ma da ku nake.

Ki fara da fayil naki na kanki, wanda yake gida, ba wanda ke ofishin ma'aikata ba. A ciki a sami takardar ɗaukar aiki, da takardar kama aiki mai ɗauke da ranar da kika fara, da ta tabbatar da ke a aiki, da duk takardar ƙarin girma ko canjin wuri, da shaidar makaranta, da lasisin NMCN, hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista. Ki riƙa ajiye takardar albashi ta kowane wata, ko ta takarda ce ko wadda ake turowa ta waya. Sai kuma abin da mutane suka raina: rosta, wato jadawalin duti. Ranar da aka liƙa ta wata, ki ɗauki hotonta. Idan rigimar alawus ɗin dare ta taso bayan wata shida, rostar ce kaɗai za ta nuna darare nawa kika kwana a ɗakin haihuwa, kuma a lokacin tuni an yage ta daga bango.

Game da lasisi, duk shekara 3 ake sabunta shi, kuma sai da shaidar kwas ɗin ƙarin sani na dole da ake kira MCPDP. Kada ki bari ya mutu. Duk ranar da aka sami matsala da majinyaci a hannunki, shi za a fara tambaya, kuma idan ya mutu ƙungiya ba ta da bakin magana a kanki. Haka takardar tabbatarwa: a ƙa'idar aikin gwamnati shekara 2 ake yi na gwaji. Idan sun wuce ba ki ji komai ba, ki rubuta ki tuna musu, don ƙarin girmanki na farko a kanta ya rataya.

Abu na biyu, ki san wa ya ɗauke ki aiki. Nas ta asibitin koyarwa na tarayya ko cibiyar lafiya ta tarayya, da nas ta hukumar kula da asibitocin jiha, da wadda ke asibitin sha-ka-tafi a ƙaramar hukuma, duk farin kaya ɗaya suke sawa amma ba aljihu ɗaya ke biyan su ba. Tsarin albashin ma'aikatan lafiya, CONHESS, daga tarayya ya fito. Jiha sai ta ga dama ta karɓe shi, wata ta karɓa duka, wata ta karɓi wani kaso, wata ta karɓi albashin ta bar alawus. Ga misali: shekara da shekaru alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata, har sai ƙarshen 2021 da gwamnatin tarayya ta ƙara shi. Sakular, wato takardar sanarwar ƙarin, tana fitowa ta cika WhatsApp, 'yan jiha suka fara lissafin ariyas, kuɗin baya da za a biya su, alhali ba gwamnansu ne ya sa hannu ba. Saboda haka duk sakular da aka turo miki, ki dubi samanta: wane ofishi ya fitar, wa aka rubuta wa, daga wace rana za ta fara aiki. Idan ta tarayya ce ke kuwa ta jiha ce, maganar ba ta "an hana mu hakkinmu" ba ce tukuna, ta "muna neman jiha ta karɓa" ce, kuma wannan aikin shugabannin ƙungiya na jiha ne, ba na metiron ɗinku, shugabar nas-nas, ba. Yawancin faɗan da ake yi da metiron a kan abin da ba ta da iko da shi ne.

Yanzu ga wasiƙar kanta, wadda nan ne ake yawan faɗuwa. Shafi ɗaya ya isa. A sama ki sa sunanki, lambar fayil, matakin albashi, ɗakin da kike aiki da kwanan wata. Ki rubuta wa shugaban asibiti, amma ta hannun in-caji da shugabar ma'aikatan jinya, kowa ya sa hannu ya tura. Tsallake su ba ya hanzarta komai, dawo miki da ita za a yi, kin kuma sayi gaba a banza. A cikin wasiƙar abu uku kawai: me ya faru, yaushe, me kike so a yi. Kar ki rubuta "an daɗe ana zaluntata". Ki rubuta "Na yi aikin dare a ɗakin yara a watan Maris da Afrilu kamar yadda rostar da ke haɗe ta nuna, amma ba a saka alawus ɗin a albashin waɗannan watanni ba. Ina roƙon a biya ni." Ki haɗa kwafi, kada ki taɓa ba da asalin takarda. Ki tafi da wasiƙar guda biyu, a karɓi ɗaya, a buga wa ɗayar hatimin "an karɓa" da kwanan wata da sa hannun magatakarda, ki koma da ita fayil ɗinki. Idan magatakarda ya ce hatimi na wajen oga, ki ce za ki jira, ko ya sa hannu da biro. Sannan ki kawo wa sakataren reshe kwafi na uku. Bayan mako biyu shiru, ki rubuta tunatarwa mai ambaton ranar ta farko. A nan ne ƙungiya ke shigowa da ƙarfinta, don yanzu muna da abin ajiyewa a kan tebur.

Ba kowace matsala ce ta kuɗi ba. Akwai daren da za ki tsinci kanki ke kaɗai a ɗaki cike da gadaje, babu wuta, iskar oksijin ta kusa ƙarewa, safar hannu sai dai 'yan jinya su sayo. Makaminki a nan littafin rahoto ne. Ki rubuta a ciki da ƙarfe nawa kika karɓi aiki, majinyata nawa, ma'aikata nawa, me ya ƙare, wa kika sanar, da ƙarfe nawa, me ya ce. Ba tsegumi ba ne, kariya ce. Idan rai ya salwanta a wannan dare kwamiti zai zauna, kuma abin da ke rubuce za su karanta, ba abin da kika tuna ba. Idan kuma muka tattara irin waɗannan shafuka na wata uku daga ɗakuna daban-daban, hujja ce ta neman ƙarin ma'aikata da babu wanda zai ce ƙirƙira muka yi.

Amma kada ki ɗauki hoton majinyaci ko katinsa ki sa a Facebook don ki nuna wa duniya halin da asibiti ke ciki. Na san zafin zuciyar da ke sa a yi haka. Sai dai kin tona sirrin mara lafiya, kin kuma miƙa wa hukuma wuƙar da za ta yanka ki da ita. Maganar rashin kayan aiki ta mutu, ta koma maganar ladabtar da ke.

Idan allura ta soke ki, ko jini ya fantsamar miki a ido, ki wanke nan take, ki sanar da in-caji, a rubuta, a yi gwaji. Maganin kariya daga ƙanjamau ana son a fara shi da gaggawa, kada a wuce awa 72. Kar ki ce sai kin gama duti, kar ki ji kunya. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke gudanarwa, kuma ta shafi rauni da cutar da aka ɗauka a bakin aiki, amma ba a fara maganar diyya sai da rahoton da aka rubuta a lokacin. Ki tambayi reshenku ko ma'aikatarku tana zuba kuɗi a wannan asusu. Haka idan ɗan'uwan majinyaci ya ɗaga miki hannu: likita ya duba ki ya rubuta, a ɗauki sunayen waɗanda suka gani, a sanar da masu gadi da hukuma a rubuce. Za a zo da dattawa a ce a yi haƙuri. Yafiya taki ce, babu mai hana ki, amma a rubuta tukuna, don ta bayanki.

Sai takardar tuhuma, kweri. Ranar da aka miƙa miki ita, ki karɓa, ki sa hannu da lokaci. Ƙin karɓa laifi ne na daban. Ki dubi wa'adin da aka ba ki, galibi kwana ɗaya zuwa uku ne, kada ki bari ya wuce. Kafin ki rubuta ko layi ɗaya ki nemi wakilin ƙungiya ya karanta. Masu sabon aiki kashi biyu suke: mai cika shafi da "ku yafe mini" a kan abin da ba ta yi ba, da mai zazzaga wa metiron rashin kunya a rubuce. Dukansu fayil ɗinsu suke ɓatawa, kuma fayil ba ya mantuwa, ranar jarrabawar ƙarin girma zai fito. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai, da ladabi, da lokaci da shaida. Idan an kira ki gaban kwamiti, ki nemi a bar wakilinki ya zauna.

Ita kanta ƙungiyar, hawa-hawa ce: reshen asibiti, majalisar jiha, sannan uwar ƙungiya ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC. Duk wata ana cire miki kuɗin ƙungiya daga albashi, don haka ba alfarma ake miki ba. Ki je taron reshe. Na san an tashi daga dutin dare, ga yara, ga girki, amma a taron da mutum goma sha suka halarta ake yanke abin da zai hau kan mutum ɗari. Ki tambayi bayanin kuɗi, ki nemi a karanta abin da aka tattauna a zaman baya. Lokacin zaɓe kuma kada ki zaɓi mai iya ihu a taro, ki zaɓi wanda in ya shiga ofishin shugaban asibiti ba zai fito da canjin wurin matarsa ya bar buƙatarku a can ba. Muna da irinsu, ba sai na faɗi suna ba.

In an sa ki cikin masu zama da hukuma, ku shirya tun a waje. Buƙata uku, ba goma sha biyar ba, don in kun kawo goma sha biyar za a zaɓi mai sauƙi a yi, a ce an saurare ku. Mutum ɗaya ya yi magana, ɗaya ya rubuta. "Za mu duba" ba amsa ba ce, ku tambaya cikin girmamawa, "Ranka ya daɗe, wa zai duba, zuwa wace rana?" Kafin a tashi a karanta abin da aka amince, ɓangarori biyu su sa hannu.

Yajin aiki shi ne na ƙarshe, kuma ba ɗakinku ne ke kiran sa ba, ko da ran kowa ya ɓaci. Doka ta tsananta a kanmu saboda aikin lafiya na cikin ayyukan da rai ya dogara da su. Dokar rikicin ma'aikata ta tanadi sanarwar kwana 15 kafin a ajiye aiki, sashe na 43 kuma shi ne na "ba aiki, ba biya" da gwamnati ke zarowa duk lokacin da ta so. Dubi yadda ɓangaren asibitocin tarayya na NANNM ya yi a 2025: ya ba da wa'adin kwana 15 a tsakiyar Yuli, ya shiga yajin gargaɗi na kwana 7 ranar 30 ga Yuli, kan alawus ɗin duti da na yunifom, da ɗaukar ƙarin ma'aikata, da samar da sashen jinya a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, aka zauna, aka janye ranar 2 ga Agusta. Buƙatu a rubuce, wa'adi a rubuce, janyewa daga bakin shugabanni. Nas ɗin da ta ajiye aiki don ta ga saƙo a waya, ba tare da umarnin ƙungiya ba, a idon doka ta gudu daga aiki ne kawai. In kuma sulhu ya ci tura, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ke da hurumin shari'ar aiki, kuma can ma fayil ɗin nan naki lauya zai fara nema.

Ranar da aka tabbatar za a fita yajin aiki, kada ki sulale. Ki ba da maganin da lokacinsa ya yi, ki cike katin kowane majinyaci, ki ƙirga magungunan da ke kulle tare da wanda zai karɓa, ku sa hannu ku biyu, ki miƙa makulli, ki rubuta lokacin a littafin rahoto. Masu tsananin ciwo da mai naƙuda a bi tsarin da reshe ya yi da hukuma a kansu. Bayan an janye kuma, ki nemi kwafin yarjejeniyar daga sakatare, ki duba ranakun da aka yi alkawari, ki sa su a kalandar wayarki, don a taron reshe na gaba ki ɗaga hannu ki tambayi inda aka kwana.