Yadda ake tarbar farkon sanyi bisa tsarin Ayurveda na Indiya

Ayurveda, ilimin maganin gargajiya na Indiya, ya raba shekara gida shida, kowane kashi wata biyu. Kashin da suke kira Hemanta, wato farkon sanyi, yana kamawa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, daidai lokacin da hunturu ke sauko mana da hazo da faso da bushewar leɓe. A babi na 6 na kashin farko na Charaka Samhita, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Ayurveda, an ce sanyi yana hana zafin jiki fita, sai ya taru a ciki ya hura agni, wutar da ke narkar da abinci. Idan ba a ba wutar nan itace ba, jikin mai ita za ta koma ci. A gefe guda kuma ga vata, ɗabi'ar iska da sanyi da bushewa, tana neman yin yawa. Saboda haka aikin wata biyun nan shi ne ciyar da wutar da kuma kashe kaifin bushewar.

Fara da shafa mai tun da safe, kafin wanka. Masu Ayurveda abhyanga suke ce masa, kuma man riɗi suka fi so a lokacin sanyi. Zuba cokali uku ko huɗu a ƙaramar kwalba, tsoma kwalbar cikin kofin ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan ka ɗiga a bayan hannu ka ji ɗuminsa. Shafa daga kai da bayan kunne, ka gangaro. A dogayen gaɓoɓi kamar damtse da ƙwauri a ja hannu a tsaye, a gwiwa da kafaɗa da gwiwar hannu kuma a riƙa zagayawa. Tafin ƙafa da diddige su ne inda ya kamata ka daɗe, don nan faso ke fara ɓarna. Bar man ya zauna kamar minti 15, ka yi wanka da ruwa mai ɗumi, kada ka cika sabulu har ya wanke aikin duka. A kula da santsi a banɗaki, ƙafa mai maiƙo da tayil ba sa jituwa. Mai zazzaɓi ko wanda cikinsa ya ɓaci ya haƙura da shafan ranar.

Tsakanin shafa mai da wanka ne gurbin motsa jiki. Hemanta na cikin lokutan da Ayurveda ke ganin ƙarfin mutum ya kai ƙololuwa, amma ma'aunin da suka ajiye shi ne rabin ƙarfi: da zarar gumi ya tsattsafo a goshi da hammata, numfashi ya fara komawa ta baki, to a tsaya. A yoga, tsarin motsa jiki da numfashi na Indiya, akwai surya namaskar, jerin motsi 12 da ake haɗawa da numfashi, ana miƙewa, a sunkuya, a miƙe ƙafa baya, a ɗaga ƙirji. Ma'anar sunan gaisuwa ce ga rana, kuma asalinsa yana da alaƙa da addinin Hindu. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya ɗauki motsin ɗaiɗai a matsayin miƙa jiki kawai: kwanciya rub da ciki a ɗaga ƙirji, kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu, zama a murɗa gadon baya dama da hagu. Kowanne a riƙe shi tsawon numfashi biyar. Akwai kuma kapalabhati, fitar da numfashi da ƙarfi-ƙarfi ta hanci, yana ɗumama jiki nan take, amma ba na mai ciki ba ne, ba kuma na mai hawan jini ko ciwon zuciya ba. In ƙura ta yi yawa, a yi komai a ɗaki.

Sai abinci, inda a ganina tsarin ya fi burgewa, don rabin kayan suna kasuwarmu. Dare ya yi tsawo, mutum kan tashi da yunwa, don haka ba a wasa da karin kumallo. An fi son ɗanɗano uku: zaƙi, tsami da gishiri, kuma abincin ya zama mai ɗumi da maiƙo. Madara, ghee wanda shi ne man shanu soyayye, sabuwar shinkafa, alkama, romon nama, da abin da aka sarrafa daga rake. A jihohin Rajasthan da Gujarat na Indiya gurasar gero suke gasawa da sanyi, su shafa mata ghee su haɗa da gur, kuma gur ɗin nan mazarƙwaila ce ba wani abu ba. Alawar riɗi da gur da suke rabawa a bikin Makar Sankranti, wajen 14 ga Janairu, 'yar'uwar kantun riɗinmu ce. Kunun gero mai citta da kanumfari da safe, tuwo da miya mai ɗan man shanu da dare, sun cika sharaɗin. Abin da za a rage shi ne ruwan firij, busasshen abinci marar mai, da ƙwauron ciki da gangan. Mai ciwon suga dai ya san mazarƙwaila suga ce, sunan gargajiya bai canza ta ba.

Da hantsi a ɗan sha rana, a rufe kunne da ƙirji daga iska, a bar barcin rana. Da dare kofin madara mai ɗumi da ɗan kurkur da citta ya wadatar.

Game da ƙwayoyi da garin magani na Ayurveda da ake tallatawa a intanet, a yi hattara, don an sha samun dalma da zaiba, ƙarafa masu guba, a cikin wasunsu. Duk abin da aka lissafa a sama ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Idan tsakiyar Janairu ta zo aka shiga Shishira, sanyi na biyu, tsarin nan ne dai ake ci gaba da shi, sai dai a ƙara yawan man shafawa saboda bushewar ta fi tsanani.